Gwangwani, Ƙwarya da Wayar Birki: Inda Mawaƙa Masu Zaman Kansu Ke Samo Waƙa

Gwangwanin kifi da aka cinye aka yar. Ƙwarya a kife a tsakar gida. Wayar birkin keke ɗaure a jikin katako. Turmin daka da aka rufe wa baki da fatar akuya. Wanda ya tarar da waɗannan a zube ba zai ko waiwaye su ba. Amma da gwangwani Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya. Da ƙwarya Barmani Choge ta riƙe bukukuwan matan Arewa har ƙarshen rayuwarta. Da wayar birki Mdou Moctar na Nijar ya fara koyon kiɗan da a yau mutane ke biyan kuɗi a Turai da Amurka domin su kalla. Turmi kuwa shi ne gangar 'yan matan ƙauyen Illighadad, waɗanda su ma jirgi ya sha ɗaukarsu zuwa ƙetare.

Ba a fada aka raba musu waɗannan kayan kiɗa ba, ba kuma kamfani ne ya saya musu ba. Abin da hannunsu ya kai suka ɗauka. Idan aka bi tarihin waƙoƙinsu, sai a tarar haka suka yi wajen neman abin faɗa. Abin da ke kusa da su suka ɗauka: maraici, zaman kishi, gudun hijira, kewar gida, kwanan kurkuku. Wannan rahoto ya bi sawun wasu mawaƙa masu zaman kansu, daga Bukuru zuwa Funtuwa, daga Kano zuwa Sakkwato, har Agadas da Kidal, domin ganin rijiyar da kowannensu ya ɗebo.

Mai ubangida da marar ubangida

A ƙasar Hausa ta da, in aka tambayi inda makaɗi ke samo waƙa, amsar ba ta da wuya. Masu nazarin waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun kasa makaɗa gida-gida: na sarauta, na sana'a, na maza, na jama'a. Makaɗin fada yana da ubangida, ubangidan nan kuma shi ne jigon waƙarsa. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Salihu Jankiɗi na Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ne. Sarki ya ba da doki da riga da hatsi, makaɗi ya biya da kirari da tarihin kakanni da zambo ga 'yan uba. Makaɗan maza su ma suna da nasu: Ɗan Anace yana da 'yan dambe, Kassu Zurmi yana da 'yan tauri.

Babu mai hankalin da zai rena wannan fasaha. Waƙoƙin fada suna cikin mafi zurfin abin da aka taɓa rerawa da harshen Hausa. Sai dai makaɗin fada ba ya cika buɗe cikinsa. In matarsa ta rasu, ko ɗansa ya kwanta ciwo, ba wannan jama'a suka taru a ƙofar fada su ji ba. Har yadda muke kiran waƙa ya nuna haka. Mukan ce "waƙar Sarkin Daura" ko "waƙar Shago". Sunan wanda aka yi wa muke kamawa, wanda ya yi kuwa sai an tambaya.

Mamman Shata Katsina na cikin waɗanda suka faɗaɗa wata hanyar. An haife shi a Musawa a 1923, a gidan da ba a gaji kiɗa ba. Mahaifinsa Bafillatani ne, bai so ɗansa ya yi waƙa ba, domin a wurinsa roƙo ne. Shata ya fara da tallar goro da waƙa a dandali, ya kuma ƙi zama na mutum ɗaya. Ya yi wa sarakuna, ya yi wa attajirai da direbobi, ya yi wa kumbon Apollo 11, sannan ya yi wa kansa Bakandamiya, inda shi ne mai yabo kuma shi ne abin yabo.

Irin wannan 'yanci shi ake nufi a yau in an ce mawaƙi mai zaman kansa ne. Ba shi da sarki a bayansa, ba shi da babban kamfanin faifai, ba furodusan fim ne ya miƙo masa labari ya ce a ɗora waƙa a kai ba. Tunda babu mai ba shi jigo, rayuwarsa ce ke zama ubangidansa. Ita ke ba shi abin faɗa, ita kuma yake yi wa aiki.

Marayan Bukuru

Ɗan Maraya Jos sunansa Adamu Wayya. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Bukuru ne, ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, mahaifiyar ma ta bi bayansa tun yaron yana goye. Sarkin ne ya ɗauke shi ya riƙe. Da haka ya samu laƙabin da ya danne sunan yanka. A wata tafiya da ya yi Maiduguri yana yaro ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya haɗa nasa.

Bisa al'ada, ɗan makaɗin fada da ya tashi a gidan sarki, fada zai gada. Ɗan Maraya sai ya fita titi. Cikin waƙoƙin farko da suka fito da shi akwai ta karen mota, yaron nan da ke lodin fasinja, ya canza taya, ya tura mota in ta mace, ya kwana a tasha, a kuma zage shi a kan laifin da ba nasa ba. Jos ta wancan zamani garin kuza ce, cike da leburori da 'yan ci-rani da manyan motoci, saboda haka karnukan mota ba su yi ƙaranci ba. Kowa yana ganinsu kullum. Wanda ya ga sun cancanci waƙa shi ne yaron da ya tashi a hannun riƙo, ya san yadda ake cin tuwo a gidan da babu uwa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kiɗan nasa ma irin na maraya ne. Ba 'yan amshi, ba makaɗa goma a baya, ba sanƙira mai kirari. Shi kaɗai ne da tsirkiya ɗaya. Wannan kaɗaici sai ya zama masa fasaha: tunda babu mai amsa masa, sai ya riƙa sauya murya, ya zama miji, ya zama mata, ya zama magulmaciyar da ta shiga tsakani, kamar yadda ya yi a "Jawabin Aure" da "Gulma-Wuya". A "Auren Dole" ya tsaya wa yarinyar da iyaye suka yanke wa hukunci ba tare da an ji ta bakinta ba. A "Mai Akwai da Babu" ya zaunar da mai kuɗi da talaka ya yi musu nasiha tare.

Ɗan Maraya bai ƙi manya ba. Ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi a lokacin yaƙin basasa, ya wakilci Najeriya a ƙasashe da dama, ya karɓi lambobin girma. Amma da ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015, waƙoƙin da mutane suka riƙa tunawa su ne na karen mota da na zaman aure da na halin ɗan Adam.

Abin da ƙwarya ta sani

Akwai wata rijiyar da maza ba su iya ɗiba daga cikinta, komai basirarsu. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa daga nan ta ɗebo. Kiɗan amada kiɗan cikin gida ne, na ranar suna da ranar biki, inda mata ke kife ƙore, wasu a ƙasa wasu a kan ruwa, su kaɗa su yi rawa ba tare da idon namiji ba. Barmani ta yi aure da ƙuruciya, ta haifi 'ya'ya da yawa, ta zauna cikin mata irinta. Ba ta buƙatar a ba ta labarin naƙuda, ko na ranar da aka ce za a yi wa mace kishiya, ko na matar da ke jiran miji ya dawo kafin ta sayi gishiri.

Shi ya sa waƙoƙinta suka tsaya a kan abu uku: haihuwa, kishi, da sana'a. Ta yi wa kishiya habaici mai zafi, irin wanda mace ke ƙunsa a ciki ta kasa furtawa. Ta yi ta kiran mata su kama sana'a, ko ƙosai ne ko ƙuli-ƙuli, ta kuma yi wa marar sana'a ba'a har sai ta ji kunya. Wasu sun ga bakinta ya yi kaifi da yawa, har da batsa. Matan da ke yi mata liƙi kuwa sun san ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ita da Uwaliya Mai Amada suka fitar da wannan kiɗa daga tsakar gida zuwa rediyo da talabijin da kaset. Ta rasu a 2013.

Can arewa, a jihar Tawa ta Nijar, wata yarinya Ba'abziniya mai suna Fatou Seidi Ghali ta bi irin wannan hanya ta wata fuskar. A wurin Abzinawa, kiɗan tende na mata ne: turmi ake ɗaure wa fata, mata su kewaye shi suna tafi suna waƙa. Jita kuwa ta maza ce. Fatou ta riƙa ɗaukar jitar yayanta tana koya wa kanta. Da ƙungiyarta ta Les Filles de Illighadad ta fitar da faifan farko a 2016, sai aka raba shi biyu: gefe ɗaya jita, gefe ɗaya tende. Daga baya ta haɗe su, ta ɗauko waƙoƙin da ta ji a bakin iyayenta mata, na soyayya da na wahalar zaman daji, ta ɗora su a kan jita. Ƙwarya da turmi duk kayan girki ne, kuma a wurin girki matan nan biyu suka samo abin da suka rera.

Shekarar 63

A 1963 Abzinawan yankin Kidal suka yi wa sabuwar gwamnatin Mali tawaye, sojoji suka murƙushe su. Cikin waɗanda aka kashe akwai mahaifin wani ƙaramin yaro mai suna Ibrahim Ag Alhabib. Yaron ya girma a gudun hijira a kudancin Aljeriya. Jitarsa ta farko da galan da sanda da wayar birkin keke ya haɗa ta.

Farin da aka yi a shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a tsakiyar shekarun 1980, ya kashe dabbobin makiyaya, ya tura dubban samarin Abzinawa garuruwan Aljeriya da Libiya neman aikin ƙarfi. Ana kiransu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A Tamanrasset, wajen ƙarshen shekarun 1970, Ibrahim da abokansa suka fara kiɗa tare. Su ne suka zama Tinariwen. Wasunsu sun shiga sansanonin horon soja na Gaddafi, wasu sun ɗauki bindiga a tawayen 1990. Ba su da situdiyo, ba su da kamfani. Wanda ya kawo kaset marar komai sai su rera masa a ciki, kaset ɗin ya bi hannu-hannu ya ratsa Sahara.

Suna da kalma ɗaya da ke ɗauke da jigon kiɗansu, wato assouf. Tana nufin kewa, da kaɗaici, da irin abin da mutum ke ji in dare ya yi masa nesa da gida. Fiye da shekara arba'in bayan kashe mahaifinsa, a faifan Aman Iman na 2007, Ibrahim ya fitar da waƙar da ya sa wa suna "Soixante Trois", wato 63 da Faransanci. Shekarar da ta mayar da shi maraya ita ya yi wa waƙa. A 2012 Tinariwen suka ci kyautar Grammy da faifansu Tassili.

Omara Moctar, wanda duniya ta sani da Bombino, ƙanensu ne a wannan hanya. An haife shi a 1980 a Tidene, kusa da Agadas. Tawayen 1990 ya kore shi zuwa Aljeriya yana ɗan shekara goma, a can ya tsinci jitar da wasu dangi suka bari. Da rikici ya sake tashi a 2007, aka riƙa kallon jita a matsayin alamar tawaye, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi kuma ya tsere Burkina Faso. A Janairun 2010 ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas. Sunan garin ya sa wa faifansa na 2011.

A nan akwai abin lura. Kamfanoni da 'yan jaridar Turai sun fi son labarin ɗan tawaye mai bindiga a kafaɗa ɗaya da jita a ɗaya, domin shi ke sayar da tikiti. Amma wanda ya san Agadas ya san cewa kiɗan jita kiɗan biki ne. Yawancin waƙoƙin na soyayya ne, na kewar uwa, na abokin da ya tafi Libiya bai dawo ba, na kiran a yi haƙuri a kuma sa yara makaranta. Abin da ya sa mawaƙi ya yi waƙa daban, abin da ɗan kasuwa ke rubutawa a bayan faifai daban.

Sakkwato, 2008

Mahamadou Souleymane, wato Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa ne, ya tashi a gidan da ake ganin kiɗa bai dace da ɗan mutunci ba. Ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin iyayen jitar Abzinawa a Nijar, daga ranar bai sake samun sukuni ba. Da yake babu mai saya masa jita, sai ya sassaƙa katako ya ɗaura wayoyin birki. Bahago ne, da hagu ya koya.

A 2008 ya tsallako Sakkwato ya shiga situdiyo. Lokacin waƙoƙin finafinan Hausa ne ke tashe, da kiɗan fiyano da manhajar nan mai lanƙwasa murya. A wannan salo ya ɗauki faifansa na farko, Anar, waƙoƙin soyayya da harshen Tamashek a kan kiɗa irin na Kano. Faifan bai shiga kanti ba a lokacin. Ta Bluetooth da katin memori ya bazu, daga wayar wannan zuwa ta wancan, har ya kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, da ke yawon tattara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane, ya ji ɗaya daga cikinsu. Ya sa ta a tarin da kamfaninsa na Sahel Sounds ya fitar, ya yi ta cigiya har ya gano mai ita, daga baya ya kai masa jita irin ta bahagwai.

A 2015 Mdou da Kirkley suka fitar da fim da harshen Tamashek, wanda aka ɗauka a Agadas, bisa tsarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince. Tsarin aro ne, amma labarin saurayi mai jita da mahaifin da ba ya son kiɗa, Mdou bai buƙaci a koya masa shi ba.

Da tafiya ta yi nisa, jigonsa ya faɗaɗa. Ya ga biranen Faransa da Amurka suna walƙiya dare da rana, ya tuna cewa an shafe shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit ana kai wa Faransa, alhali yawancin ƙauyukan Nijar ba su da lantarki. Daga wannan takaici faifan Afrique Victime na 2021 ya fito, sannan Funeral for Justice na 2024, wanda a ciki ya kira sunan Faransa ƙarara, ya kuma roƙi Abzinawa kada su bar harshensu ya mutu. Juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 ya same shi da abokan kiɗansa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa komawa gida. A wannan zaman jira suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice, tun kafin faifan ya fito, da jita marar lantarki, cikin sanyin murya, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. Waƙoƙin da aka yi da fushi, kewa ta sa aka maimaita su da hawaye.

Kano: da aka ce a yi shiru

Wani lokaci ba sai mawaƙi ya je neman jigo ba, har gida ake kawo masa. Daga 2007 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta tsananta wa 'yan fim da marubuta da mawaƙa, aka ce kowa ya yi rajista, kuma kada a saki komai sai an tace. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango a kan faifan bidiyonsa na Bahaushiya. Da ya fito, abin da ya same shi ya zuba a waƙar "Oyoyo". Nazir Ahmed Hausawa, wanda aka sani da Ziriums, ya yi "Girgiza Kai" a salon hip-hop.

Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, wanda aka haifa a Yakasai a 1973, marubucin littattafai ne kafin ya shahara da waƙa, saboda haka matsin ya same shi ta fuska biyu. Martaninsa shi ne "Hasbunallahu", waƙar da ya gina a kan addu'a da kai ƙara wurin Allah. A 2009 wata kotu a Kano ta haramta sauraron jerin waƙoƙi, har da waɗannan, aka kuma kama Ala aka gurfanar da shi.

Hukuncin ya zo a daidai lokacin da wayar hannu ta shiga aljihun kowa. Kaset da faifai ana iya kwashewa a kasuwa, amma wa zai bi mutum miliyan ya binciki wayarsa? Hanyar da ta kai waƙar Mdou daga Sakkwato zuwa Mali, ita ce ta yawata waɗannan waƙoƙi a lungunan Kano. Haramcin sai ya zama talla. Waɗanda ba su taɓa jin waƙoƙin ba suka shiga nemansu.

Ciki da waƙa

Duk da haka, kada a yi wa zaman kai kwalliyar da ba shi da ita. Mawaƙi yana da ciki, yana da iyali, situdiyo kuma ba kyauta ake shiga ba. A yau ɗaukar waƙa ya yi sauƙin da bai taɓa yi ba. A titin Gidan Zoo na Kano, da Kaduna da Jos da Maraɗi da Damagaram, ɗaki ɗaya da kwamfuta da fiyano da makirfo sun isa. Sakin waƙa ma haka: YouTube, Audiomack, TikTok. A 2020, ana tsakiyar kullen korona, "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta mamaye gidaje ba tare da ta jingina da wani fim ba.

Wahalar tana wajen cin moriya. Mai tura waƙa a kasuwa yana cika wa mutum memori da ɗaruruwan waƙoƙi a kan 'yan canji, ko sisi ba ya kai wa mai waƙar. Kuɗin da ake samu a intanet sai an tara masu kallo masu ɗimbin yawa kafin ya zama abin kirki. Saboda haka kuɗin gaske yana wuri uku: waƙar biki, inda ake jero sunan ango da amarya da dangi, waƙar fim, inda labarin wani ake bi, da waƙar siyasa, wadda ta fi kowacce tsoka, kamar yadda tashen Dauda Kahutu Rarara ya nuna. Duka ukun kwangila ce. Ubangida ya dawo ke nan, sai dai yanzu babbar riga da jar hula ko farar hula yake sawa, kuma zamansa na zaɓe ɗaya ne. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa, dole ya yi masa aski.

Kwangila ba laifi ba ce. Shata da liƙi ya rayu, Barmani da bukukuwa, Mdou ma bukukuwan Agadas ne suka riƙe shi kafin a san shi a waje. Abin da ya bambanta su shi ne sun bar wa kansu wani fili da babu mai saye. A wannan fili Haruna Uji na Haɗeja ya zauna da gurminsa ya yi waƙoƙin soyayya da har yau ake nema. A irinsa masu begen Annabi ke tsayawa, waɗanda ƙauna ce ke tashinsu tsakar dare su kama alƙalami. Matashin da duk abin da ya rera an biya shi kafin ya buɗe baki, zai iya sayen mota da gida, amma ranar da aka rantsar da wani, ko auren ya mutu, waƙar ta bi su.

Kafin a rufe baki

Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Abin da muka sani game da dalilan waƙoƙinsu, daga hirarrakin gidajen rediyo da aikin ɗalibai da malaman jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo muka same shi. Makaɗa nawa ne na kukuma da garaya da gurmi suka tafi da nasu labarin a ciki, aka bar mu da kaset marar bayani? Mawaƙan Abzinawa sun samu masu ɗaukar tarihinsu da kyamara tun suna raye, galibi baƙi daga ƙetare. Namu na gida sau da yawa sai ranar ta'aziyya ake tuna cewa ba a tambaye su ba.

Wannan aiki ne na 'yan jarida da masu shirye-shiryen rediyo da ɗaliban sashen Hausa. In an zauna da mawaƙi, a rage tambayar mota nawa ya mallaka da wa yake rigima da shi, a tambaye shi abin da ya faru da shi a makon da ya yi waƙa kaza. Kai kuma mai sauraro, in waƙa ta taɓa ka, ka neme ta a shafin mai ita, ka je wasansa, ka yi masa liƙi a kan wadda ya yi don kansa kamar yadda kake yi in ya ambaci sunanka. Mun saba tambayar wa aka yi wa waƙa. Ya kamata mu fara tambayar me ya sa aka yi ta, tun masu amsar suna raye.